Awon Barcin Baba

Ranar da aka karɓe makullin bas daga hannun Baba bai gaya wa kowa ba. Ni ma a bakin Dogo na ji, abokin aikinsa, da ya kawo min wando shagona in rage masa ƙugu. Ina cikin auna shi ya ce, "Ya tsohon namu? Wallahi duk gareji ba mu ji daɗi ba." Na ce daɗin me? Ya ga ya yi suɓutar baki, ya fara kame-kame, ni kuwa na tsare shi da ido har ya amayar da komai.

Wai shekaranjiya da safe, a bakin danja, barci ya sace Baba da yara arba'in da biyu a bayansa. Danja ta ba da hannu, motocin baya suna ta hon, shi kuwa goshinsa na kan sitiyari. Malamar da ke raka yaran ce ta taɓa kafaɗarsa ya farka. Ba a bugi kowa ba, ko fenti bai karce ba, amma malamar ta kai rahoto. Ban ga laifinta ba, ko ni ce abin da zan yi ke nan.

Na bar Dogo da wandonsa a hannu, na rufe shago na nufi gida. Na tarar da Baba a falo da rigar aiki a jikinsa, an goge ta ƙal, yana zaune yana kallon talabijin ɗin da ba a kunna ba. Shekara ashirin da shida yana jan bas ɗin makarantar nan. Yaran da ya fara ɗauka, yanzu 'ya'yansu yake ɗauka.

Na ce, "Baba, sai a titi zan ji?"

Ya ce, "Uwata, zauna, kada ki tayar da Ummanku." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Ya miƙo min takarda. Likitar kamfani ce ta rubuta, kuma ba ta yi kwana-kwana ba. Tana son a auna barcinsa na dare goma sha huɗu a jere, ta ga yana samun aƙalla awa shida. Makaranta ta shiga hutun sati uku. In an dawo hutu babu sakamakon a kan teburinta, za a ba wani direba layin na zango guda, shi kuma a ajiye shi a gareji yana duba taya da mai. Har agogon awon barci suka haɗo shi da shi a cikin ɗan kwali, yana nan a kan tebur ko buɗewa bai yi ba.

Da na ga agogon nan na san akwai aiki. Baba mutum ne da ba ya kwana da komai a jikinsa in ban da gajeren wando. Ni nake cire masa lambar da ake liƙawa a wuyan riga, don ya ce tana cizonsa. Agogonsa na hannu ma bai taɓa ɗaurawa ba, a jikin madubin bas yake rataye shi. Amma na ce masa, "Baba, makullin nan sai ya dawo hannunka, ko da tsiya ko da arziki."

Daren farko ya ɗaura, bayan minti goma ya cire. Dare na biyu da safe na same shi a cikin takalminsa, ya rantse bai san yadda aka yi ya shiga can ba. Dare na uku na naɗe maɗaurin da ƙyalle mai laushi, na ɗinke shi da hannuna. Da safe na tarar ya sa almakashi ya farke ɗinkin.

"Kamar an sa min ankwa," in ji shi. "Ni da na yi barci da abin nan gara in kwana a tsaye."

"To ai a tsayen za ka ƙare, kana duba tayar wasu!"

Ya kalle ni, na kalle shi. Gwaggo, ƙanwarsa da ke yini da Umma, ta leƙo daga kicin ta ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ku ci gaba, in kun gaji ga shayi."

Rana ta huɗu na tasa shi a gaba zuwa wani shagon na'urori a hawa na biyu na babbar kasuwa. Mai shagon mace ce mai haƙuri, ta jera mana kaya a kan gilashi. Ta fara da zobe, ta ce ba ya da nauyi, mutum mantawa yake yi da shi. Baba ya miƙa mata hannu, ta ga gaɓoɓin yatsunsa da sitiyari ya kumbura, mafi girman zobenta ya tsaya a gaɓar farko. Ta ɗauko wani abu da ake ɗaurawa a goshi.

Baba ya ce, "'Yata, na yi miki kama da ragon da za a kai kasuwa?"

Ta yi dariya ta mayar. Ta ce akwai wanda ake manna wa a ƙirji, ya ce ta bar shi a inda yake. Ta ce ana iya ajiye waya a gefen filo ta riƙa sauraro, ya ce shi wayarsa a falo take kwana, kuma ba zai canza mata ɗaki da tsufansa ba. Ni dai ina tsaye ina cizon leɓe, raina na tafasa.

Sai ta fito da wani ɗan akwati fari, bai fi sabulun wanka girma ba. Ta ce wannan a kan durowar gefen gado ake ajiye shi, a jona a soket, shi ke nan. Ɗakin yake saurare, ba ya taɓa jikin mutum. Fuskar Baba ta washe a karo na farko tun da muka fito.

"Yauwa! Wannan mai ladabi ne. Ya zauna a wurinsa, in zauna a wurina."

Daidai nan wayarsa ta yi ƙara. Gwaggo ce, tana neman inda ya ajiye maganin Umma na rana. Ya fita baranda yana yi mata kwatance. Ni kuma na kira likitar kamfani, don kada mu yi aikin baban giwa. Ta ce akwatin sauraro ba ta karɓar sakamakonsa, fanka ma tana iya ruɗa shi. Tana son na'urar da ke kama bugun zuciya da numfashi. In ba zai ɗaura ba, a nemi irin wadda ake shimfiɗawa a ƙarƙashin katifa.

Mai shago tana da ita. Wata 'yar shimfiɗa ce siririya, tsawonta kamar hannun riga, da waya mai zuwa soket. Ta ce a sa ta daidai inda ƙirjin mai kwanciya yake, duk wanda ke kanta shi take aunawa, da safe kuma sakamako ya zo a manhajar waya. Ta saka min manhajar, na karɓi kaya na cusa a jaka. Da Baba ya dawo ya ce an gama? Na ce an gama, ba za ka ɗaura komai ba, ba za ka taɓa komai ba, ka yi barcinka kawai. Ban tsaya yi masa dogon bayani ba, don na san in na ce akwai abu a ƙarƙashinsa zai ce yana jin tudu.

Da yamma, yana can yana ba Umma abinci, na shiga ɗakinsa. Babban gadon aurensu ne, na katako, kuma ɓangarensa ba ya ɓuya, katifar ta lotsa daidai jikinsa a gefen ƙofa. Na ɗaga, na shimfiɗa abin, na zagaya da wayar ta bayan allon gado. Abin da ake gani kawai shi ne kan caja fari a jikin soket, kusa da durowa.

A nan sai in faɗi yadda gidan yake. Wata takwas ke nan da Umma ta samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama ba sa motsi, magana kuma sai kalma ɗaya ko biyu, da ƙyar. Da aka sallamo ta ni na kafe sai an kawo gadon asibiti, mai ƙarfe a gefe, mai ɗaga kai. Ni na sa aka kafa shi a ƙaramin ɗaki kusa da banɗaki, na ɗaura mata ƙararrawa a hannun hagu. Na ce Baba yana tuƙi da sassafe, dole ya kwana shi kaɗai ya huta. Auta, ƙanenmu mai gyaran wutar lantarki, ya ce a bar su ɗaki ɗaya mana, na ce ya rufe min baki, me ya sani. Gwaggo tana zuwa shida da rabi ta yini. Ni ina zuwa in na tashi daga shago, in yi wa Umma wanka, in kwantar da ita ƙarfe takwas, in wuce gidana wurin maigida da yara. Duk lokacin da na tambayi Baba dare, sai ya ce lafiya lau, ko ƙararrawar ba ta kaɗawa.

Washegari ina buɗe ido na ɗauki waya. Awa takwas da minti goma! Na daka tsalle har maigida ya ce lafiya? Kwana na biyu awa takwas da rabi. Na uku kusan tara. Numfashi daidai, zuciya daidai, juyi ma ba ya yi sai ɗan motsi bayan kowace awa biyu, kamar an saita. Na ce ashe tsohon nan agogon ne kawai matsalarsa. Na riƙa nuna wa masu kawo ɗinki, har wadda ba ta tambaya ba. Na kira Auta na ce, "Ka gani ko? In na ce abu, ku riƙa ji." Ya ce, "Mun ji, Yaya, mun kuma bi."

Abu ɗaya ne ya riƙa sosa min rai. Mutumin da ke barcin awa takwas, idonsa ja wur, in yana shan shayi kofin na karkacewa a hannunsa. Na ce wataƙila tunanin aiki ne. Na kawar da kai, don lambobin sun yi min daɗi.

Ranar da aka cika dare goma sha ɗaya, Gwaggo ta kira ni tun da asuba, haƙori ya hana ta sakat, za ta biya asibiti kafin ta zo. Na ce ta tafi, zan riƙe gidan. Shida saura kwata ina ƙofar gida. Kafin in sa makulli na duba manhajar, don kada in tashe shi. Ta nuna yana barci, mai nauyi ma. Na buɗe a hankali, na cire takalmi, na bi ta falo da sanɗa.

Ga Baba a kicin, tsaye a gaban risho, yana jiran ruwa ya tafasa.

Na kalli waya, na kalle shi. Waya ta ce zuciyarsa na bugawa sittin da biyu a kan katifa. Shi kuma ga shi da filas a hannu, ya buɗe baki yana kallona.

"Uwata, ina Gwaggon taku?"

Na wuce ƙaramin ɗaki, gadon asibiti wayam, bargon a ninke, ƙararrawar a rataye a jikin ƙarfe. Na tura ƙofar ɗakinsa. Umma ce kwance a lotsawar katifarsa, an tokare mata baya da filo biyu, an sa wani tsakanin gwiwoyinta, tana barcinta hankali kwance. Tun da ta kwanta ciwo ban ga fuskarta a sake haka ba. A gefen gadon ga kujerar falo mai hannu, da zane a kanta, da ƙaramin agogon tebur a ƙasa.

Na jingina da ƙofa. Baba ya zo ya ja ni falo, ya rufe ɗakin a hankali.

Ya ce tun satin farko Umma ba ta iya barci a gadon ƙarfen nan. Ba ta kaɗa ƙararrawa, kuka take yi a hankali, shi kuma yana jiyowa ta bango. Shekara talatin da takwas ba su raba ɗaki ba. Ran nan ya gaji, ya ɗauko ta cak ya kawo ta gadonsu, ya sa ta a ɓangarensa don ya fi kusa da ƙofa, nan take ta yi barci. Ma'aikaciyar jinya kuma ta gaya masa a asibiti, in ba a juya ta duk bayan awa biyu ba, bayanta zai yi gyambo. Ya ji tsoron in ya kwanta a katifa barci zai yi awon gaba da shi, shi ya sa yake zama a kujera da agogo. Kafin Gwaggo ta zo sai ya mayar da ita, ya gyara gado.

"Wata takwas, Baba? Wata takwas kana kwana a kujera kana tashi ka ja bas?"

"Ban cika wata takwas ba. Da saura kwana shida."

"Me ya hana ka gaya min?"

Ya sosa ƙeya. "Ke kika kawo gadon, kin sha wahala a kansa. Kuma kin san halinki, Uwata. In kin yanke magana, wa zai ce miki a'a a gidan nan?"

Wannan maganar ta shige ni fiye da mari. Na ji kunya, na ji haushin kaina, na rasa inda zan sa fuskata. Sai na ce, "To shimfiɗar fa? Ka san duk kwanakin nan barcin Umma muke aunawa?"

"Wace shimfiɗa?"

Na ce wadda ke ƙarƙashin katifa. Ya ce shi bai san da wata shimfiɗa ba. Ba ɗan akwatin nan mai sauraron ɗaki muka saya ba? Ga shi can fari a jikin soket. Shi har gyara kujerarsa yake yi ta fuskanci wurin, don abin ya ji shi da kyau. Da nake ta murnar awa takwas, ya ɗauka na'urar haɗa gyangyaɗinsa take yi, har yana cewa a ransa ashe yana samun barci bai sani ba. Ni tela, mai cika baki da awo, na auna wata na yanka wa wani.

Na kira Auta ya zo a guje, da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Muka zauna mu uku a falo. Saura dare bakwai a koma makaranta, likita kuma goma sha huɗu take so. Na lissafa ta gaba, na lissafa ta baya, ba ta fita. Sai na faɗi abin da ke raina, kuma ba zan ɓoye ba, ni na fara faɗa.

Na ce, "Saura dare uku a cika sha huɗu. A bar Umma a inda take. Mu kai musu takardar haka, babu suna a jikin bugun zuciya. Daga yau ni da Auta za mu karɓi dare, kai kuma ka yi barci na gaske. Kafin a koma ka warware. Wa aka cuta?"

Auta ya ce, "Gaskiyar Yaya ne, Baba. Na ji ma wasu matansu suke ɗaura wa agogon."

Baba ya riƙa murza gwiwarsa. Na ga yana so, wallahi na gani a idonsa. Bas ɗin nan ita ce rabin ransa. Sai ya ɗago.

"Kun san abin da ban gaya wa kowa ba? Ran nan a danja, da malamar ta taɓa ni, ƙafata ba ta kan birki. Ta zame. Sa'a ɗaya na yi, wurin shimfiɗaɗɗe ne. Da a gangaren gada ne, da yanzu wani zancen ake yi." Ya nuna ƙofar ɗaki da haɓa. "Barcin Ummanku ba zai taka min birki ba."

Na ce, "Baba, za su ba wani layinka."

"Su ba shi. Zango ɗaya ne, ba mutuwa ba ce. Ni dai ba zan ɗauki 'ya'yan mutane da takardar ƙarya a aljihu ba. Ki goge wancan, mu fara daga farko."

Na buɗe baki zan yi musu, na tuna abin da ya faɗa ɗazu a kan halina, na rufe. Da hannuna na goge dare goma sha ɗaya daga manhajar, ina gogewa ina jin kamar in fasa ihu.

A ranar muka juya gidan. Auta ya kwance gadon asibiti ya shigo da shi babban ɗaki, ya kafa shi a jikin gadon katako. Umma ta zauna a inda take so. Shimfiɗar na mayar ƙarƙashin katifar gadon asibiti, na nuna wa Baba ita da kyau, na sa ya taɓa da hannunsa. Ya ce wato shi ne zai kwana a kejin. Na ce shi ne. Umma tana kallonmu, gefen bakinta mai motsi ya ɗaga, ta ce da ƙyar, "Ɗanɗana." Gwaggo da ta shigo da kumburarren kunci ta yi dariya har ta riƙe haɓa don zafi.

Muka raba dare, ni biyu, Auta biyu, matar Auta ɗaya, Gwaggo ɗaya, sai a sake zagayowa. Mai kwana shi ke zama a kujera da agogo, shi ke juya Umma. Maigida ya ce in tafi, shi zai ji da yara. Sharaɗin Baba ɗaya ne, kada a raba su ɗaki. Nawa sharaɗin kuma, in agogo ya kaɗa bai da izinin sauko da ƙafa.

Daren farko ya yi awa uku da minti goma. Jikinsa ya saba, duk bayan awa biyu sai ya farka ko agogo bai kaɗa ba, ya ɗago kai yana ba da umarni, a gyara filon nan, a duba diddigenta. Na biyu awa uku da rabi. Ya daina shan shayi bayan la'asar, ya daina gyangyaɗin rana, yana zagaya unguwa da ƙafa har ya yi gumi. Duk safiya kafin ya wanke fuska zai ce, "Nawa?" In na faɗa sai ya girgiza kai ya ce gobe za ta fi. Dare na shida ya kai awa biyar saura minti goma.

Da kansa ya kai wa likita sakamakon, ni ina biye. Ya zayyana mata komai, har zancen kujera da zamewar ƙafa. Na sa baki na ce ta duba yadda lambobin ke hawa, ta yi mana alfarma. Ta duba, ta ce tana gani, kuma ta ji daɗin gaskiyar da ya faɗa, amma ba za ta sa hannu a kan dare shida ba, shidan ma babu wanda ya kai awa shida. Ya ci gaba da aunawa, ƙarshen zango ya dawo mata da sha huɗu masu kyau, ita da kanta za ta rubuta a mayar masa da makulli. Na fara ɗaga murya, Baba ya dafa hannuna ya ce, "Mun gode, likita."

Ranar komawa makaranta na ce zan raka shi gareji. Ya ce ba sai na je ba, na ce sai na je. Shida da rabi muna can. An ba shi shuɗiyar rigar masu duba mota, ta yi masa yawa a kafaɗa, na ce zan rage masa da yamma. Bas ɗinsa na tsaye an wanke ta, sabon direban na ciki yana gyara madubi. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, da ya hango Baba ya sauko da sauri yana sunkuyar da kai.

Baba ya zagaya motar, ya buga kowace taya da ƙafa, ya duba mai, ya duba ruwa, don yanzu aikinsa ke nan. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Zo in gaya maka abin da ba a rubuta a takarda ba. Giya ta biyu tana da gardama da safe, lallaɓa ta. A tsayawa ta huɗu akwai 'yan biyu, kullum ɗaya ce ke fara fitowa, kada ka tashi sai ka ga ta biyun. A ta bakwai akwai kaka mai sanda da ke rako jikarta, ba ta komawa sai ka ɗaga mata hannu. In kun isa, kada ka yarda da ƙirgen kowa, ka taka har kujerar ƙarshe ka leƙa ƙasa. Akwai wata 'yar ƙarama da ke barci a can."

Direban yana ta gyaɗa kai. Ya ce, "In yaran sun tambaye ka fa, Baba?"

Baba ya ce, "Ka ce ina gyara. Ka riƙe min ita da kyau, aro na ba ka."

Motar ta tashi, ta fita ta babbar ƙofa, ta karya dama. Baba ya bi ta da ido har ta ɓace, hannunsa na dama yana motsi a gefen cinyarsa daidai lokacin da ya kamata a sa giya ta uku. Ni dai kasa daurewa na yi, hawaye suka zubo min a gaban makanikai da kowa.

Ya juyo ya gan ni. "A'a, Uwata, a gaban mutane? Jiya nawa na yi?"

Na share fuska na duba waya. "Biyar da minti ashirin."

"Saura arba'in." Ya ɗauki abin awon iskar taya daga kan benci. "Je ki buɗe shagonki. Kuma ki gaya wa Auta ya zo da wuri, yau ƙarfe tara zan kwanta. Duk wanda ya zo nemana a ce ya dawo da safe."